Ƙadangare ne ya ga haƙorin? Fashin baƙi kan ƙarin da ke tsiro a muƙamuƙin yara

A gidanmu na Aboabo da ke Kumasi a Gana, in yaro ya yi famfara, sabon haƙori kuma ya daɗe bai leƙo ba, amsar tsofaffi ɗaya ce: ƙadangare ya ga wanda ya faɗi. A yi dariya, a wuce. Haka aka yi wa ɗiyar yayata. Haƙoranta biyu na gaba na sama sun zube tana shekara bakwai. Na hagu ya fito cikin 'yan watanni, ƙato, har ya fi ƙarfin bakin. Na dama shiru. Aka shekara, aka shiga ta biyu, yaran makarantar allo suka laƙaba mata Mai Giɓi, ita ma ta saba.

Wata safiya uwarta na duba mata baki sai yatsanta ya taɓa wani ɗan tudu a saman dasashi, daidai inda haƙorin ya kamata ya fito. Tauri kamar tsakuwa. Ta danna, yarinya ko gezau.

"Mma, zo ki taɓa nan," ta ce wa mahaifiyarmu.

Tsohuwa ta taɓa, ta tambayi jikarta ko da zafi. Ta ce babu. "To ku ƙyale mini yarinya. Abin da ba ya ciwo ai ba ciwo ba ne."

Wannan maganar ta Mma ita ce dalilin rubutun nan. Ba ita kaɗai ke faɗinta ba, kuma a kan yawancin abubuwa tana da gaskiya. A kan ƙarin muƙamuƙi ne take kai mutum ta baro shi.

Sai an san yadda haƙori ke ginuwa kafin a gane inda ƙarin ke fitowa. Aikin yana farawa tun ciki na wajen mako shida. A cikin abin da zai zama muƙamuƙi, rukunin ƙwayoyin halitta iri biyu ke haɗuwa kamar magina. Rukuni ɗaya shi ke shafa farin sulken da ke bayan haƙori, wanda duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri. Ɗayan shi ke gina jikin haƙorin da ɓargon cikinsa mai jijiya. Da haka ake samun haƙoran nono 20, waɗanda ke fara fitowa wajen wata shida su cika kafin shekara uku, da haƙoran girma 32 da ke kwance a ƙasa suna jiran lokacinsu. Wato bakin yaro ɗan shekara biyar wurin gini ne da ba a tashi aiki ba. In an gama kowane haƙori, maginan kan watse, amma ba duka ba. Akwai 'yan ragowa da ke maƙalewa a cikin ƙashi, kamar tarin yashi da bulo da ake bari a gefen sabon gida. A bakin kusan kowa, ragowar nan barci suke har mutum ya mutu. A bakin wasu 'yan kaɗan sai su farka, su ci gaba da aiki ba mai ba su umarni. Abin da suka tara shi ne ƙarin.

Daga nan za a ga cewa tsutsar haƙori ba ta da hannu a ciki, alewa ma haka, rashin asuwaki ma haka. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, kuma babu abin da uwa ta ci ko ta ƙi ci da goyon ciki da aka tabbatar yana kawo shi. Na faɗi wannan ne don na ga yadda yayata ta yi ta tuhumar kanta.

Na ɗiyar yayata shi ne wanda likitoci ke kira odontoma, kuma shi ne mafi sauƙi a dangin. Sunan tsoho ne, likitan Faransa Paul Broca ya yi amfani da shi tun 1867. A nan maginan na da kayan aiki cikakku, tsarin ginin ne ya ɓace musu. Wani lokaci sai su ƙera ƙananan haƙora birjik a cikin jaka guda, kowanne da sulkensa da ɗan saiwarsa, kuma irin wannan ya fi son gaban muƙamuƙin sama. Wani lokaci kuma sai su cakuɗa komai ya zama dunƙule ɗaya marar siffa, wanda ya fi zama can baya wajen turame. A 2019 likitoci a birnin Chennai na Indiya sun ciro irin waɗannan ƙananan haƙora 526 daga muƙamuƙin ƙasa na wani yaro ɗan shekara bakwai. Wancan na ban mamaki ne. Wanda aka saba gani bai wuce 'yan ƙwarori zuwa gomiya ba. Odontoma kan girma ya kai wani matsayi ya tsaya, shi ya sa masana da yawa ke ɗaukarsa a matsayin kuskuren gini kawai. Laifinsa shi ne tare hanya. Haƙorin girma na nan lafiyarsa lau a sama, ya zo fita ya tarar an zuba masa tsakuwa a ƙofa.

Wanda ke hana likitocin yankinmu barci shi ne amiloblastoma. Wannan ƙarin masu shafa sulke ne, sai dai ba sa shafa komai, hayayyafa kawai suke yi suna cin ƙashi daga ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa a muƙamuƙin ƙasa yake, galibi can baya wajen kusurwa. A hankali yake tafiya, wata da watanni, shekara da shekaru, ba zafi, ba zazzaɓi. Yana buɗa ƙashin kamar ana hura balan-balan, har bangon ya yi siriri, in an danna a ji ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. Haƙoran da ke kansa su karkace, saiwoyinsu su cinye, su fara girgiɗi. Duk wanda ya taɓa ganin mutum a tashar Kejetia ya naɗe fuska da gyale saboda gefe guda ya yi girman gwanda, akwai yiwuwar wannan ne ya gani, kuma lokacin da ya fara bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya fi kama manya, 'yan shekara talatin zuwa arba'in, amma yana kama yara da matasa, kuma a wurinsu sau da yawa yana zuwa a siffar jaka ɗaya mai ruwa wadda ta lulluɓe haƙorin da bai fito ba.

Akwai wani abu da ke cikin rahotannin asibitoci da ya kamata mu tsaya a kansa. A Amurka da Turai, odontoma ne ke kan gaba a lissafin irin waɗannan ƙari. A manyan asibitocin Afirka ta Yamma kuwa, Gana da Najeriya, amiloblastoma ne ke kan gaba da tazara. Wani ɓangare na bambancin ba a jinin mutane yake ba. Can ana kai yaro wurin likitan haƙori ko ba ya ciwo, a ɗauki hoto, a tsinci ƙaramin abu tun bai nuna ba. Mu kuwa sai fuska ta karkace ake neman kuɗin motar trotro zuwa asibiti. Ƙananan ba sa zuwa asibiti balle a ƙirga su, manyan ne ke isowa.

Sauran dangin ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai wanda ke son 'yan mata masu tasowa, yana naɗe fiƙar sama da ta ƙi fitowa, yana da jaka mai kauri, ana ɓare shi cikin sauƙi kuma da wuya ya dawo. Akwai fibroma ta amiloblas, ta yara da matasa ce, a bayan muƙamuƙin ƙasa, ita kam ana sa mata ido don takan dawo. Akwai miksoma, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wadda ke kutsawa lungu-lungun ƙashi, kankare ta tas aiki ne. Sai kuma jakar ruwa zalla da ke taruwa a kan haƙorin da ke binne, wadda a lissafin likitoci ba ƙari ba ce, amma a ido da a hoto tana iya sajewa da amiloblastoma. Su kansu masanan kan sauya ra'ayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara jera waɗannan cututtuka a 1971, kuma akwai wata jaka da ta mayar cikin jerin ƙari a 2005, ta sake fitar da ita a 2017.

Dukansu ana ce musu marasa yaɗuwa, wato da wuya ƙwarai su bi jini su tafi huhu ko hanta kamar ciwon daji. A nan ne ake samun ɓatan fassara. Likita ya yi bayani da Turanci ko Tuwi, ya ce ba ciwon daji ba ne. Wanda ya raka uwa ya juya ya ce mata da Hausa, "Ya ce ba komai." Ta yi hamdala, ta ɗauki ɗanta, ba a sake ganinsu ba sai bayan shekara uku. Abin da likitan ya faɗa shi ne abin ba zai bar muƙamuƙi ya tafi wani wuri ba. Bai ce zai bar muƙamuƙin lafiya ba.

Kafin a je ga magani, akwai wani kumburin muƙamuƙi na yara da bai cikin wannan dangi, wanda dole iyaye a Gana su san shi. Shi ne limfoma ta Burkitt, ciwon daji na gaske, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yana bin ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da tamu, kuma ya fi kama yara 'yan shekara huɗu zuwa bakwai. Abin da ke bambanta shi shi ne gudu. Ƙarin haƙori na tafiyar hawainiya, wannan kuwa cikin mako biyu ko uku fuska ta canja, haƙora su saki, wani lokaci ido ya turo ko ciki ya kumbura. Maganinsa ba wuƙa ba ce, allurai ne na daji, kuma yana jin magani sosai in an zo da wuri. Inshorar lafiya ta ƙasa ta saka shi cikin cututtukan dajin yara huɗu da take biya. Kumburin da ke ƙaruwa a ido daga Juma'a zuwa Juma'a, ranar da aka lura ranar ake tafiya. Shi kuwa hangum da ruɓewar haƙori kowa ya san su: zafi, zazzaɓi, yaro na kuka, kwana kaɗan abin ya sauka ko ya fashe. Abin dariya, masu ihun su ne suka fi sauƙi.

Mu ma ba mu miƙe asibiti kai tsaye ba. Yayata ta fara zuwa wani shagon magani, aka ba ta kafso na kwana biyar. Tudu na nan. Aka sake ba ta wani. Wata maƙwabciya ta kawo shawarar a kai wa wanzami ya yi sakiya. Allah ya taimaka mijin yayata ya ƙi. Sakiya da tsaga da ƙaho an yi su ne don abin da ke ƙarƙashin fata, wannan kuwa a cikin ƙashi yake. Abin da ƙarfe mai zafi zai ƙara shi ne miki da ƙwayar cuta a wurin da da tsaf yake, likita ya zo daga baya ya fara da yaƙin ruɓa kafin ya kai ga ainihin aikin. Tofi da rubutu kuwa ba wanda ya hana, mu ma mun sha mun shafa, amma a hanyar asibiti.

Ranar da na raka su, likitan ya fara ne da tambayoyi. Yaushe na hagun ya fito? Ta taɓa faɗuwa ta bugi baki tana ƙarama? Leɓenta na yin sanyi ko mutuwa? Ya ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya shafa tudun ta ciki da ta waje, ya laluba ƙarƙashin haɓa ko da kaluluwa. A nan na koyi ƙa'idar da nake so kowace uwa ta riƙe: haƙora tagwaye ne, na dama da na hagu tare suke tafiya. In ɗaya ya fito, ɗan'uwansa ya wuce wata shida bai biyo ba, a ɗauki hoto. Haka in haƙorin nono guda ya ƙi faɗuwa alhali takwaransa ya daɗe da tafiya. Na gaban sama kan fito tsakanin shekara bakwai da takwas, fiƙoƙin sama wajen 11 zuwa 12.

Hoton da ake so shi ne mai faɗin nan da injin ke zagaya kan yaro ya fito da muƙamuƙi duka biyu a takarda ɗaya, daga kunne zuwa kunne. Da aka ɗaga nata a haske, ni da ban san komai ba na gani. Wasu fararen abubuwa a cure kamar an zuba ɗanyar shinkafa a ƙullin leda, a samansu kuma ga haƙorin da muke nema, cikakke, a tsaye, ya rasa hanya.

"Kawu, nawa ne wancan?" ta tambaye ni.

Na ce nata ne.

"To ba ƙadangare ba ne kenan."

Odontoma kusan a hoto ake gane shi. Sauran ba haka ba. Amiloblastoma kan fito baƙi, wani lokaci rami ɗaya, wani lokaci ramuka kamar kumfar sabulu, kuma abubuwa uku ko huɗu na iya ba da hoto iri ɗaya. In abin na da girma, akan ƙara da hoton sikan mai yanka-yanka don a ga ko ya huda bangon ƙashi da kuma inda jijiyar leɓe ta bi. Likita na iya zura allura ya ga ko ruwa ne a ciki. Amma hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaji ne: a yanki ɗan ƙaramin nama, a duba shi a madubin likita. Iyaye da yawa na gudun wannan mataki, wai in ƙarfe ya taɓa ƙari sai ya haukace. Ba ya haukacewa. Abin da ke faruwa shi ne an zo a makare, abin na kan girmansa, sai a ɗora wa gwajin laifi. Kuma sakamakon gwajin ne ke raba tsakanin tiyatar awa ɗaya da tiyatar yini guda, saboda haka jiransa ba ɓata lokaci ba ne.

Na ɗiyar yayata an yi shi ta cikin baki, babu tabo a fuska. Aka yi gwajin jini, aka sa ta barci saboda ƙuruciya, aka ɗaga dasashi, aka buɗe 'yar taga a ƙashi, aka kwashe jakar gaba ɗaya. Ƙananan haƙora 11, wasu ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Kwana biyu tana shan koko mai sanyi, a na huɗu tana rigimar waken da aka hana ta. Odontoma in an cire shi duka da wuya ya dawo. Abin da ya rage shi ne haƙorin da aka buɗe wa hanya. In an yi da wuri, saiwarsa ba ta gama rufewa ba, yakan sauko da kansa. In an makara, sai an liƙa masa ɗan ƙarfe an ja shi a hankali da waya, aikin watanni da kuɗi.

Amiloblastoma a jikin yaro shi ne inda likitocin kansu ke ja-in-ja, kuma kowane ɓangare na da hujja. A babba, in irin mai ramuka da yawa ne, hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a yanke ƙashin da abin ya ci, a haɗa da lafiyayye wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowane gefe, domin yana tura 'yan yatsu cikin ƙashin da ido ke gani lafiya lau. In aka kankare kawai, sau da yawa yana dawowa. Amma yaro ɗan shekara tara muƙamuƙinsa bai gama girma ba, kuma haƙoran girmansa na kwance a ciki. Yanke shi na nufin rasa haƙoran, da yiwuwar mutuwar leɓen ƙasa a gefen, da fuskar da za ta girma a karkace. Ana cike gurbin da farantin ƙarfe da ƙashin da aka ɗebo daga haƙarƙari ko ƙugu ko sangalin ƙafa, sai dai ƙashin aro ba lallai ya bi girman yaro daidai ba, ana iya komawa tiyata. Shi ya sa in irin mai jaka ɗaya ne, likitoci da yawa kan zaɓi lallaɓawa. Wani lokaci a huda jakar a sa ɗan bututu, a riƙa wanke ta kullum na tsawon watanni har ta motse, ƙashi ya cike ta gefe, sannan a ɓare abin da ya saura a goge bangon ramin.

A ganina, lallaɓawar nan yarjejeniya ce, kuma rabin nauyinta a kan iyaye yake. Likita ya bar wa yaro muƙamuƙinsa bisa sharaɗin za a riƙa dawo da shi ana ɗaukar hoto, shekara biyar aƙalla, don yawancin dawowar a cikinsu take, ko da yake akan ga wanda ya dawo bayan shekara goma. Mu kuwa mutanen zango ne, ƙafarmu ba ta zama. Bana yaro na Asawase, baɗi an kai shi wurin kaka a Bawku, ko an tura shi karatu Tamale ko Yamai, katin asibiti ya ɓace a ƙaura. Likitan da ya san haka, in ya zaɓi yanka babba tun farko, ba mugunta ba ce. Saboda haka in ana tattauna wace hanya za a bi, uba ya faɗi gaskiyar inda yaron zai zauna. Kuma a nemi kwafin sakamakon gwajin da hotunan, a ɗauke su a waya, a adana takardun inda ake adana takardar fili.

Masu wannan aiki su ne likitocin tiyatar baki da fuska. A Kumasi suna asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa ke ce wa Gee, a Accra kuma Korle Bu. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da sashen haƙori na asibitin gwamnati mafi kusa, a karɓi takardar turawa. A tabbatar katin inshorar yaro na da rai tun kafin ranar, ana sabunta shi ta waya da *929#. Inshorar ba ta ɗaukar komai, haƙoran roba misali ba sa ciki, don haka a tambayi abin da za a biya daga aljihu tun a zaman farko, a samu lokacin haɗa shi a dangi.

Haƙorin ɗiyar yayata ya leƙo wata bakwai bayan tiyatar, ɗan karkace kaɗan, likita ya ce a ba shi lokaci a gani ko zai miƙe. Ƙananan 11 ɗin an tura su ɗakin gwaji kamar yadda ake yi wa duk abin da aka ciro, sakamako ya tabbatar da abin da hoto ya nuna. Ita dai har yau tana ƙorafin ba a ba ta ko ɗaya ta jefa a kan rufi ba. Mma kuwa ta koma binciken bakin jikoki, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce ya wage, ta ƙirga dama da hagu.